Yadda magana ke tashi daga waya ta shiga ɗakin labarai

Har zuwa farkon shekarun 2000, wanda yake son maganarsa ta fita a rediyo ko jarida ya san hanyar da zai bi. Zai sa a rubuta masa takardar sanarwa, jami'in hulɗa da jama'a ya zagaya da ita gidajen labarai, ko a kira taron manema labarai a wani otel, a yi jawabi, a sha lemo, a sallami kowa da kuɗin mota. Daga nan sai zaman jira. Makullin ƙofa yana hannun edita. In ya ga dama labari ya fito a shafin farko, in bai ga dama ba takardar ta ƙare a teburin mai tsire.

Yau shi kansa editan da wayarsa yake karya kumallo. Kafin a zauna tsara labaran yini ya riga ya duba abin da ke tashe a Facebook da X (wato Twitter a da) da TikTok, ya saurari saƙonnin muryar da aka turo masa ta WhatsApp. Gidajen rediyon Hausa na gida da na ƙetare suna ware lokaci don karanto abin da jama'a ke cewa a shafukan sada zumunta. Tsohuwar ƙofar tana nan, amma an sami wata hanyar shiga: ka tara jama'a a kan maganarka tukuna, ɗan jarida zai biyo sawun taron da ƙafarsa.

Akwai abu biyu da ake yawan cakuɗawa, kuma sai an raba su za a gane sauran bayanin. Talla daban, hulɗa da jama'a daban. A talla kai ne ka sayi fili, minti ɗaya a rediyo ko rabin shafi a jarida, ka faɗi abin da kake so, mai sauraro kuma ya san da kuɗinka kake magana. Hulɗa da jama'a aikin gina suna ne, a sa wasu su faɗi alherinka da bakinsu, ko su fahimci matsayinka ranar da rigima ta taso. Bahaushe ya san wannan bambanci tun kafin zuwan boko. Maroƙi zai kai mutum sama da kirari a gidan biki kowa ya ji daɗi, amma ranar da za a ba mutumin nan aure ko bashi, maƙwabtansa ake zuwa tambaya. Labarin da ɗan jarida ya ɗauko don kansa ba tare da an biya shi ba, matsayin shaidar maƙwabci yake da shi. Shi ya sa kamfanoni da 'yan siyasa suke kwaɗayinsa fiye da tallan da suka saya da kuɗinsu.

Sai kuma dabarar da za mu iya kira talla mai yaɗa kansa, wato a shirya saƙo ta yadda wanda ya karɓa shi ne zai kai shi gaba ba tare da an ɗauke shi aiki ba. Misalin da masana harkar suka fi kawowa shi ne na Hotmail, kamfanin da ya fara ba da akwatin imel kyauta a 1996. Sun liƙa layi ɗaya a ƙarshen kowace wasiƙar da mai amfani da su ya aika, layin yana gayyatar wanda ya karɓa shi ma ya zo ya buɗe nasa. Duk wanda ya aika wa ɗan'uwansa gaisuwa ya yi musu talla ke nan. Cikin shekara ɗaya da rabi suka tara miliyoyin mutane, a ƙarshen 1997 Microsoft ya saye su. Lissafin ba shi da wuya. Idan mutum 100 da suka ga saƙo suka jawo sababbi fiye da 100, abin zai yi ta ninkuwa. Idan 80 suka jawo, waɗannan su jawo 64, haka zai yi ta lafawa har ya mutu. Yawancin abin da ake sakawa a intanet irin na biyun ne, kuma babu wanda ya isa ya yi maka alkawarin na farkon. Wanda ya ce ka ba shi kuɗi tabbas zai sa abinka ya karaɗe gari, fata kawai yake sayar maka.

Mu ma muna da tamu tun da can. Dillaliyar da ke shiga gida-gida da ƙullin atamfa da turare tana tafe ne da amincewar matan da suka san ta shekara da shekaru, da labarin wance ta saya ta ji daɗi. Masu tarin mabiya a Instagram da TikTok aikinta suke yi. Bambancin shi ne ita gida goma take shiga a yini, su kuwa dubbai cikin minti ɗaya, sannan ita in ta kawo jabu gobe za a tare ta a tsakar gida.

Na san akwai nauyi a sa maganar yaran da aka sace a layi ɗaya da maganar talla. Amma ban ga wani lamari a ƙasar nan da ya buɗe cikin wannan aiki kamar na Chibok ba, domin an ga ɓangarori biyu a fili: iyaye da 'yan gwagwarmaya da ba su da abin hannu, da gwamnati mai kuɗi wadda ta makara wajen magana.

A daren 14 ga Afrilun 2014 'yan Boko Haram suka shiga makarantar sakandaren 'yan mata ta gwamnati da ke Chibok a jihar Borno, suka kwashe ɗalibai 276. Cikinsu 57 suka tsere a kwanakin farko, wasu ta hanyar dirowa daga mota tana tafiya. Da safiyar ranar bom ya tashi a tashar motar Nyanya a gefen Abuja ya kashe mutum fiye da 70, kuma can hankalin 'yan jarida ya karkata, don nan ne kusa da su. Bayan kwana biyu rundunar soja ta sanar cewa an kuɓutar da yaran in ban da takwas. Shugabar makarantar da iyaye suka ce ba haka ba ne, rundunar ta janye maganar. Fiye da mako guda labarin yana jan ƙafa, a faɗa yau gobe wani ya danne shi.

Ranar 23 ga Afrilu, a wani bikin littattafai na UNESCO a Fatakwal, tsohuwar ministar ilimi Oby Ezekwesili ta yi kira da a dawo da yaran. Wani lauya a Abuja, Ibrahim Abdullahi, yana kallo a talabijin, sai ya ɗauki kalaman ya mayar da su maudu'i a Twitter: #BringBackOurGirls, wato a dawo mana da 'yan matanmu. Kalma huɗu ce kacal, amma an zuba abubuwa da yawa a cikinta. Buƙata ce guda ɗaya da ko yaro zai gane. Tana nuna akwai wanda nauyin yake kansa ba tare da an zagi kowa ba. Sannan ta ce yaran namu ne, don haka duk wanda ya rubuta ta ya shigar da kansa cikin iyayen. Shiga sahun ma ba ya cin komai: ka rubuta kalmomin a takarda, ka riƙe, a ɗauke ka hoto.

Da a nan aka tsaya, ina ganin da abin ya yi wutar kara ya mutu cikin kwana uku. Mako guda bayan haka, ranar 30 ga Afrilu, ɗaruruwan mutane, yawancinsu mata sanye da jajayen kaya, suka yi tattaki zuwa Majalisar Tarayya cikin ruwan sama, Hadiza Bala Usman na cikin waɗanda suka tsara fitowar. Daga nan suka mayar da dandalin Unity Fountain wurin zamansu na kullum. Wannan ne abin da masu neman labarinsu ya fita suka fi mantawa da shi. Mai ɗaukar hoton talabijin ba zai iya ɗaukar maudu'i ba. Yana buƙatar fuskoki, da wuri, da lokacin da zai zo ya tarar da mutane, da wanda zai tsaya gaban makirfo ya yi bayani cikin minti ɗaya. Masu jajayen kaya sun tanadar masa duk wannan kowace rana. Sun kuma riƙa ƙirga kwanaki, kwana 30, kwana 100, kwana 500, kowace lamba ta zama sabon dalilin da edita zai sake turo wakili.

Akwai kuma abin da ba su ne suka shirya ba. Ranar 5 ga Mayu Abubakar Shekau, shugaban Boko Haram na lokacin, ya fitar da bidiyo yana cewa shi ya kwashe yaran kuma zai sayar da su, abin da ya tayar da hankalin duniya. Daga 7 zuwa 9 ga Mayu aka yi babban taron tattalin arzikin duniya kan Afirka a Abuja, wanda ya riga ya tara 'yan jaridar ƙetare a garin. Sun zo rahoton zuba jari, suka tarar da labarin da ya fi shi. Ranar 7 ga Mayun Michelle Obama, matar shugaban Amurka na lokacin, ta saka hotonta riƙe da takardar. Kafin watan ya ƙare Faransa ta kira taron shugabannin Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru da Benin a Paris, Amurka kuma ta tura sojoji 80 Chadi don taimakawa da leƙen asiri ta sama. Haka magana ta tashi daga wayar mutum ɗaya ta hau titi, daga titi ta shiga talabijin, talabijin ya mayar da ita wayoyin miliyoyin mutane, kowane zagaye yana ƙara wa na baya ƙarfi.

A nan akwai tambayar da ta daɗe tana ci mini rai. Ranar 25 ga Fabrairun shekarar, ƙasa da wata biyu kafin Chibok, an shiga kwalejin gwamnatin tarayya ta Buni Yadi a jihar Yobe aka kashe ɗalibai maza a ɗakunan kwanansu, rahotanni da yawa suka ce 59 ne. Duniya ba ta riƙe musu takarda ba. Me ya sa? Wani ɓangare na amsar yana cikin binciken da Jonah Berger da Katherine Milkman na Jami'ar Pennsylvania suka wallafa a 2012, bayan sun bi diddigin maƙaloli kusan 7,000 na jaridar New York Times don ganin waɗanda masu karatu suka fi tura wa juna. Sun gano cewa abin da ke zaburar da mutum, kamar fushi ko fargaba ko al'ajabi, shi ke sa a tura. Baƙin ciki zalla kuwa kashe jiki yake yi. A Buni Yadi aikin gama ya gama, sai addu'a. A Chibok yaran suna raye, akwai abin da za a iya yi, akwai wanda za a matsa wa ya yi. Ɗaya ɓangaren amsar ya fi ɗaci: babu wani mai murya da ya ɗauki maganar Buni Yadi ya zauna a kanta kullum a inda kyamarori suke. Arewa ta sha yin wannan asarar. Muna da yawan da za mu cika kowane shafi, amma sau da yawa ƙarfin yana ƙarewa a kare uban gida da musayar zagi, labarin ƙauyukanmu kuma sai wani ya zo daga nesa ya ba da shi.

Ta ɓangaren gwamnati, Shugaba Goodluck Jonathan bai yi magana a bainar jama'a kan yaran ba sai 4 ga Mayu, kusan mako uku bayan sace su. A wannan zamani shirun mako uku fili ne da aka bar wa wasu su cike, kuma sun cike shi. A farkon Yuni kwamishinan 'yan sandan Abuja ya haramta zaman masu jajayen kaya, aka yi ca, hedikwatar 'yan sanda ta warware maganar. A watan ne kuma aka ji cewa an ɗauki wani kamfanin hulɗa da jama'a na Washington mai suna Levick kan dala miliyan 1.2 don ya gyara yadda ake ba da labarin gwamnati a duniya. Maƙala ta fito da sunan shugaban ƙasa a jaridar Washington Post yana bayanin shirunsa. Amma kwangilar da kanta ta zama labari, 'yan Najeriya suka buɗe wa kamfanin nasa maudu'in a Twitter suna aika masa saƙo. Shugaban bai gana da iyayen yaran ba sai 22 ga Yuli, bayan Malala Yousafzai, 'yar Pakistan mai fafutukar ilimin 'ya'ya mata, ta zo Abuja ta roƙe shi. A watan Satumba wasu magoya bayansa suka kakkafa alluna a Abuja da #BringBackGoodluck2015, suka ari kalaman iyaye masu kuka suka yi kamfe da su. Ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya, sai da shugaban ya ba da umarnin a cire su.

Ba na cewa ɗaukar ƙwararru laifi ne. Kowace gwamnati tana yi. Kuskuren shi ne an ɗauka matsalar ta suna ce, alhali tambayar da mutane ke yi ita ce ina yaran suke, kuma babu gwanin tsara magana da zai amsa wannan daga Washington. Ganawa da iyaye a makon farko da ba ta ci ko kwabo ba, kuma da ta yi aikin da dala miliyan ba ta yi ba.

Masu fafutukar ma abin bai bar su ba tabo. Wasu daga cikin hotunan da suka fi yawo da sunan 'yan matan Chibok na wasu yara ne 'yan Guinea-Bissau, waɗanda wata mai ɗaukar hoto Ba'amurkiya, Ami Vitale, ta ɗauka shekaru kafin nan don wani aiki daban. Sai da ta fito ta roƙi a daina. Magana zarar bunu ce, kuma a intanet in ta fita ba ta da mai ita.

A shekarar 2014 dai, cikin damina, aka ga irin wannan tsari a wani abu mai sauƙi a Amurka: mutum ya sheƙa wa kansa bokitin ruwan ƙanƙara a gaban kyamara, ya kira sunan wasu ya ba su awa 24 su yi ko su ba da gudummawa don yaƙi da cutar ALS mai kashe jijiyoyi. Hanyar yaɗuwar tana cikin wasan kansa, tunda kowane bidiyo da sunayen na gaba yake ƙarewa. Ƙungiyar da ke yaƙi da cutar a Amurka ta tara dala miliyan 115. A gida kuma, a Mayun 2023 Hilda Baci ta kwashe kwana huɗu tana girki a Legas don kafa tarihi, kundin tarihin bajinta na Guinness ya tabbatar mata da awa 93 da minti 11. Ana kallo kai tsaye a waya, agogo yana tafiya, ba a san ko za ta kai ba, har gwamnan Legas ya je da kansa, kafofin labarai na duniya suka ɗauka. Waɗanda suka biyo bayanta da irin wannan gasa ba su ja hankalin jama'a ko kusa da hakan ba, don an riga an gani. Ita kuma tana da gidan abincin da sunan zai koma ya amfana. Mai neman tashe ya fara tambayar kansa: in jama'a sun taru, ina zan kai su?

Abin da ke sa gaskiya ta yaɗu shi ne yake sa ƙarya ta yaɗu, har ma ta fi. Masu bincike a jami'ar MIT sun nazarci labarai kusan 126,000 da suka yi yawo a Twitter daga 2006 zuwa 2017, suka wallafa a 2018 cewa damar a sake tura labarin ƙarya ta fi ta na gaskiya da kashi 70 cikin 100, kuma mutane ne da hannunsu suka fi yaɗawa, ba shafukan inji ba. Mu ba sai an kawo mana bincike ba. Duk wanda yake da wayo a Agustan 2014 zai tuna daren da aka yi ta tashin mutane da waya ana cewa a yi wanka da ruwan gishiri a sha don kariya daga Ebola. Uwa ta kira ɗanta, ɗa ya kira matarsa, kowa don ƙauna. Aƙalla mutum biyu suka mutu, wasu suka kwanta asibiti. Saƙon ya cika duk sharuɗɗan talla mai yaɗa kansa: fargaba, umarni ɗaya mai sauƙi, gaggawa, da fitowa daga bakin wanda ka amince da shi.

Tunda an gane ɗan jarida yana bin taro, sai aka fara hayar taro. A Kano an daɗe da sanin sojojin baka, masu shiga rediyo su kare ɗan siyasa su caccaki abokin hamayyarsa. Yanzu suna da ƙanne a waya, waɗanda ake kira 'yan midiya, ana saka musu data ana ba su na cefane. A sama da su akwai manya. Wani binciken BBC da ya fito a Janairun 2023 ya nuna yadda jam'iyyu ke biyan masu tarin mabiya a asirce don yaɗa labaran ƙarya kan abokan hamayya, wasu har naira miliyan 20, wasu kuma da kwangila ko muƙami. Yadda ake yi ba ɓoyayye ba ne: a tara mutane a zauren WhatsApp, a raba musu kalamai, a sa lokaci, kowa ya saki a tare, manhaja ta ga magana ɗaya tana fitowa daga wurare da yawa cikin ɗan lokaci sai ta ɗaga ta sama. Dokar da ta kafa hukumar ARCON mai kula da tallace-tallace a 2022 ta haɗa da tallan intanet, amma bin sawun abin da aka biya a ɓoye ba ƙaramin aiki ba ne.

Nauyin nan a wuyan 'yan jarida ya fi sauka. Wanda ya tsinci rubutu goma a X ya rubuta cewa 'yan Najeriya sun fusata, ya ba da aron mutuncin gidan jaridarsa ga wanda ya yi hayar mutum goman. Maroƙi ne ya shigo da rigar maƙwabci. Duba lokacin da aka buɗe shafukan, da ko kalamansu iri ɗaya ne, da ko akwai mutum ɗaya na zahiri da za a kira a waya, aikin rabin awa ne, kuma shi ne ya raba ɗan jarida da mai tura saƙo.

Kamfanoni kuma abin da ya fi kayar da su shi ne yadda suke amsa suka. A Satumban 2023 wata mata a Legas ta rubuta a Facebook cewa wani tumatirin gwangwani na kamfanin Erisco ya cika zaƙi. Kamfanin ya ce ta wuce nan ta ɓata masa suna, ya kai ƙara wurin 'yan sanda, aka kama ta aka kai ta Abuja, daga baya aka gurfanar da ita. Ko wane ne mai gaskiya a gaban kotu, ta fuskar suna an yi garin neman gira an rasa ido. Rubutun da wataƙila da ya nutse cikin mako guda ya koma kiraye-kirayen ƙaurace wa kayan kamfanin, ya kai har CNN. Jama'a ba su tsaya auna sukarin ba, abin da suka gani shi ne mai ƙarfi ya danne marar ƙarfi, kuma ba abin da ke tafiya da sauri a waya kamar wannan.

To ƙaramin ɗan kasuwa fa, ko ƙungiyar unguwa da ke son a gyara mata asibiti? Abin da na lura yana aiki ba shi da ƙyalli. A nuna abu a daina siffanta shi, don gani ya kori ji: bidiyon minti ɗaya na mata suna jiran ruwa tun asuba, da sunan garin da ranar da aka ɗauka, ya fi shafi uku na koke. Buƙata ta zama ɗaya, a kuma ambaci ofishin da ke da alhakin biyanta. A tanadi mutum ɗaya mai natsuwa da zai amsa waya, domin ranar da wakilin rediyo ya kira awa biyu gare shi kafin labarai, in ba a ɗauka ba zai wuce. A san 'yan jarida tun kafin a buƙace su. Kuma kada a ƙara gishiri ko kaɗan, don ƙarya ɗaya da aka kama ta ishi wanda ake ƙorafi a kansa ya wanke kansa daga sauran gaskiyar.

Sai a tuna kuma cewa shafin nan haya ake yi. Daga 5 ga Yunin 2021 zuwa 13 ga Janairun 2022 gwamnatin tarayya ta rufe Twitter a Najeriya bayan kamfanin ya goge wani rubutun Shugaba Muhammadu Buhari. Waɗanda suka gina duk cinikinsu a can suka wayi gari babu shago. Ko ba rufewa, kamfani yana iya sauya lissafin da yake bi wajen nuna wa mutane rubutu, mai mabiya dubu ɗari ya ga 'yan kaɗan ne ke ganin nasa sai ya biya. A ƙasar Hausa ma X ba shi ne kasuwar ba. 'Yan boko da 'yan jarida ne suka fi zama a can, shi ya sa yake da tasiri a kan labarai fiye da yawan mutanensa. Talakawa suna Facebook da TikTok, sun fi yawa a saƙon murya na WhatsApp wanda ba ya buƙatar iya karatu, kuma har gobe rediyo ne ke kai magana teburin mai shayi da cikin gidaje. Saƙon da aka rubuta da Turanci kawai zai iya kaiwa Landan bai kai Ɓagwai ba.

Komawa Chibok, me shaharar ta haifar? Ta hana a binne maganar, wannan ba musu. Ta sa gwamnati biyu a jere suka kasa kawar da kai. Amma sakin yaran ta hanyar tattaunawar sirri ya zo, da shiga tsakanin gwamnatin Switzerland da ƙungiyar agaji ta Red Cross: 21 a Oktoban 2016, sai 82 a Mayun 2017, waɗanda aka yi musayarsu da wasu 'yan Boko Haram da ke tsare. Akwai masu ganin cewa shaharar ta ɗaga darajar yaran a idon waɗanda ke riƙe da su, ta kuma koya wa masu bindiga cewa ɗaliban makaranta su ne hanya mafi sauri ta jawo hankalin gwamnati. Suna nuni da Dapchi a 2018, da Ƙanƙara a 2020, da Jangebe a 2021, da Kuriga a 2024. Ba na iya watsar da wannan magana, don wayar da ke hannunmu irinta ce a hannunsu. Amma na ga abin da shiru ya yi wa Buni Yadi, kuma ban san uwar da za ta zaɓi a yi shiru a kan 'yarta ba.

A Afrilun 2024 aka cika shekara 10. Kafofin labarai na gida da na waje suka sake komawa Chibok, aka yi hira da iyaye, maudu'in ya sake tashe na yini ɗaya ko biyu. A lokacin sama da 80 daga cikin yaran ba su dawo gida ba.